Hotunan James Webb ba fenti ba ne

Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina kallon shirinku na kimiyya, har nakan ce ɗalibaina su kalla, amma na ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Mai gabatarwa ya sa hoton galaksi biyar ɗin nan (galaksi shi ne babban tarin taurari) da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauka a allo, ya yi murmushi, ya ce wai launukan duk kwamfuta ce ta shafa don a burge masu kallo, abin da ke sama ba haka yake ba. Daga nan ya wuce labari na gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare. Wannan hoton na buga shi babba na manna a bangon aji tun 2022, shekarar da aka fitar da shi. Ranar Litinin ina shiga aji, wata yarinya da ta fi kowa son darasin ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe hoton ƙarya ka manna mana?" Ajin ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Yarinyar nan ta taɓa tsayar da ni bayan an tashi tana tambayar yadda ake zama masanin taurari. Aikin da na yi shekaru ina yi, mutuminku ya rushe shi da magana ɗaya, don yara sun fi yarda da talabijin a kan malaminsu.

Na ajiye darasin ranar. Na aika aka kawo rimot ɗin talabijin daga ofis, na danna, na tambaye su ko sun ga haske. Suka ce babu. Na buɗe kyamarar wayata na saita bakin rimot ɗin, na sake dannawa, sai ga ɗigon haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar. Suka yi caa a kaina, kowa na son ya danna da hannunsa. Na ce to, hasken nan yana nan tun farko, idonku ne bai kai ba. Waya ta yi ƙarya ke nan da ta nuna muku shi? Kuma wa ya taɓa karɓar hoton ƙashinsa a asibiti ya ce wa likita zane ne, don idonsa ba ya ganin cikin ƙafarsa?

Abin da na'urar hangen nesa ta James Webb ke yi ke nan. Ɗaya daga cikin kayan aikinta, MIRI, yana kama hasken infirared na tsakiya, mai tsawon zango daga maikiron 5 zuwa 28 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Idon ɗan Adam ko maikiron ɗaya ba ya kaiwa. Hasken ɗumi ne, irin wanda jikinka da nawa ke fitarwa yanzu haka. Tunda ba shi da launin da ido ya sani, dole a fassara shi, kuma da ƙa'ida ake yi: gajeren zango a ba shi shuɗi, mafi tsawo a ba shi ja, na tsakani su samu na tsakani. Kowane launi a hoton nan yana tsaye ne a kan abin da aka auna.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hoton da ya zaɓa ya yi wa wannan shaci-faɗi. Rukunin nan da ake kira Stephan's Quintet, wanda Bafaranshe Édouard Stephan ya gano a 1877, huɗu daga cikin galaksinsa suna jan juna, suna yagar juna, a nisan da haske ke shafe kimanin shekara miliyan 290 kafin ya iso mana. Na biyar ɗin ba ya cikin rigimar, yana kusa da mu sosai, wajen shekara miliyan 40, layi ne kawai ya haɗa su a idonmu. Idan galaksi biyu suka shiga juna, da wuya tauraro ya bugi tauraro, saboda tazarar da ke tsakaninsu ta wuce misali. Gajimaren gas da ƙura su ke gwabzawa, su matse, a cikinsu a haifi sababbin taurari bila adadin. Ita kuma ƙurar sai ta lulluɓe su, ta shanye haskensu. Na'urar da ke gani da irin hasken idonmu duhu za ta tarar daidai inda ake aikin. Amma ƙurar ta ɗau ɗumi, tana ƙyalli a infirared na tsakiya, kuma nan ne MIRI ke leƙawa. Da shi ne aka ga tsakiyar ɗaya daga cikinsu, NGC 7319, tana haske bal, inda wani baƙin rami (wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta) mai nauyin rana miliyan 24 ke haɗiye abin da ke kewaye da shi. Duk wannan yana cikin hoton da aka kira fenti.

Kuma ya san wahalar da aka sha kuwa? An harba na'urar ranar 25 ga Disamba 2021, aka kai ta nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, aka buɗe mata laima mai hawa biyar don ta kare ta daga zafin rana. Duk da haka sanyin bai ishi MIRI ba, sai da aka yi masa na'urar sanyaya tasa ta kansa, wadda ke sauke shi zuwa wajen digiri 266 ƙasa da sifiri. In ba haka ba, ɗumin jikinsa ne zai makantar da shi. Wanda ke son yin zane da kwamfuta, me zai kai shi wannan wahala?

Tunda na ɗau alƙalami, bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna: kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya yi yawa. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, yana son shirin, amma rabin maganar sai na maimaita masa. Ku rage shi don Allah.

Ina roƙon mai gabatarwa ya dawo da hoton nan a shiri na gaba, ya gyara maganarsa da bakinsa, ya ba shi ko minti biyar ne ya bayyana abin da ja da shuɗi ke nufi. Na riga na gaya wa yarinyar nan cewa na rubuto muku, kuma ta ce za ta kalla ranar Asabar.

Naku,
Wani malamin fiziks