Godiya ga garejin da ya ceto min Prius ɗita

Assalamu alaikum Oga, kai da yaranka gaba ɗaya. Na ce bari in rubuta wannan a fili kowa ya gani, don godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi mota wallahi ba ta gamsar da ni ba.

Motata Toyota Prius ce ta 2008, irin mai haɗa fetur da lantarki. Shekara uku ina hawanta ban san ciwon kai ba, in na tsaya a goslo inji ya mutu da kansa, shiru kamar ba mota, mai kuwa sai in manta yaushe rabona da sha. Kwatsam wata safiya jar wutar nan mai kusurwa uku ta kama a dashbod, inji ya ƙi hutawa, fankar baya mai sanyaya babban batir tana ta ihu, cajin batir yanzu ya cika yanzu ya zube. Inda na fara kai ta ko kwamfuta ba su jona ba suka ce babban batir ya mutu sai dai sabo, ranar ko barcin kirki ban yi ba.

Da na zo wajenku ba ka ce min komai ba sai da ka jona kwamfuta, lambar P0A80 mai nuna matsala a babban batir ta fito, ka juyo min da allon ka ce Alhaji zo ka gani da idonka. A nan na san ashe batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, guda 28 ne a jere kowanne bolt 7.2, in an haɗa ya ɗan haura 200, kuma ɗaya ne kawai a ciki ya yi sanyi yake jan sauran ƙasa. Na ga yadda ka sa safar hannu ta roba mai kauri, ka zare fulogin nan ruwan lemo mai yanke wutar babban batirin, ka hana yaro taɓa komai sai da aka ɗan jira. Ƙarafunan tagulla da ke haɗa su duk sun yi kore, fanka kuma ƙura da gashi sun toshe ta kamar tsohon bargo. Laifina ne fa wannan, jakar da yara ke jinginawa a gefen kujerar baya ashe ramin shan iskar batirin take rufewa, shekara da shekaru ban sani ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba ka yi min daɗin baki ba. Ka ce canza guda ɗaya faci ne, sauran 27 ɗin ma sun tsufa, zai iya kai ni wani lokaci amma in fara tanadi tun yanzu. Na ce to a canza min takalmin birki tunda an zo, ka duba ka ce a'a da sauransa sosai, motar da injin lantarkinta take rage gudu tana mayar da caji, shi ya sa ba ya cinyewa da wuri. Kuɗi na miƙo da kaina ka ƙi karɓa, wa ke yin haka yanzu?

Yau wata huɗu kenan wutar ba ta sake kamawa ba, jakar ma ta koma but. Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a sana'a. A gaida min ƙaramin yaron nan da ya zauna da tsohon buroshin haƙori yana wanke fankar fiffike bayan fiffike, ka ce masa ina nan zuwa sabis.