A riƙa lura da inda ake ɗaura mitar ruwa a ma'aikatun tace ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin injiniyoyi da 'yan kwangilar da ke aikin ruwan sha a Sakkwato game da mitar da ke auna yawan ruwan da ke bi ta bututu. Ana kashe kuɗi mai yawa wajen sayenta, sannan a ɗaura ta duk inda aka ga sarari, alhali da lissafinta ake sanin adadin alif da kulorin da za a zuba. Idan ta ba da lissafin da ba daidai ba, ko dai magani ya yi kaɗan ruwa ya fita bai tsarkaka ba, ko ya yi yawa jama'a su ƙi sha saboda wari.

Babban sharaɗi shi ne bututun ya kasance cike da ruwa kullum. Saboda haka ba a sa mita a ƙololuwar layi, inda iska ke taruwa, ko a bututun da ke gangarowa yana zuba cikin tanki. Idan bututun a tsaye yake, ruwa ya riƙa hawa sama, kibiyar da ke jikin mitar kuma ta fuskanci inda ruwan ya nufa.

Ruwan da ya fito daga injin turawa, ko ya ratsa bawul, ko ya sha kwana, a hargitse yake, sai ya yi ɗan tafiya kafin ya daidaita. Masu ƙera mita mai aiki da maganaɗisu galibi suna neman miƙaƙƙen bututu mai tsawon ninki 5 na faɗinsa kafin mitar, da ninki 2 bayanta. Wato a bututu mai inci 6, a bar inci 30 kafin ta da inci 12 bayanta. Mita mai farfela kuwa takan buƙaci ninki 10 kafin ta da ninki 5 bayanta, tare da rariya a gabanta.

Abin da ya fi damuna shi ne halin ruwanmu. Duk wanda ya ga Gulbin Rima da damina ya san irin lakar da yake ɗaukowa. Ƙananan ƙarafa biyu da ke cikin mitar maganaɗisu, waɗanda su ne ke jin motsin ruwa, dole su zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu, domin idan aka juya su sama da ƙasa, laka za ta binne na ƙasa, kumfar iska kuma ta rufe na sama. Akwatin da ke nuna lamba shi ma yana buƙatar rumfa, tunda zafin bazararmu yakan haura digiri 40.

Ina kira ga masu karɓar aiki da kada su sa hannu a biya ɗan kwangila sai an tura ruwa ta mitar an cika tankin da aka san yawan litarsa, an kwatanta da abin da ta rubuta.

Wassalam.

Daga wani mai aikin famfo,
Sakkwato.