Hukuma ɗaya, tambari kala-kala: kira ga ma'aikatunmu na Sakkwato

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sana'ata buga takardu ce a cikin garin Sakkwato: rasit, kalanda, katin gayyata, ƙyallen taro, allon ƙofar ofis, har rigunan ma'aikata. Yawancin aikina daga ofisoshin gwamnati yake zuwa, shi ya sa nake ganin irin riƙon sakainar kashin da ake yi wa tambarin hukumomi.

Kwanan baya masinjan wani ofis ya kawo mini aikin littattafan rasit. Na ce ya ba ni tambarinsu. Sai ya turo mini hoto ta WhatsApp, wanda da gani a jikin ƙofar mota aka ɗauke shi, don ga inuwar mariƙin ƙofar nan a gefe. Na buɗe kwamfuta na nuna masa tambarin ofishin nasu har iri uku, daga ayyukan da na yi musu a baya. Ɗaya kore shar, ɗaya kore mai duhu kamar ganyen kuka busasshe, na ukun kuma an ja shi ya miƙe ya koma siffar ƙwai. Na tambaye shi wanne ne na ainihi. Ya dube su ya ce, "Malam, ni dai wanga shi anka ba ni. Ka buga kawai, gobe da safe aka son su."

Ban ga laifinsa ba, aiko shi aka yi. Abin da ya dame ni shi ne, a duk ofishin ba a ɗora wa kowa alhakin ajiye tambarin ba.

Wani zai ce meye a ciki, ai ado ne. To ni ina da kawu a wajen Gwadabawa, manomin albasa. Yana karanta ajami sarai, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Duk lokacin da aka miƙa masa rasit a kasuwa ko a bakin hanya, alamar da ke sama yake duba, ya kwatanta ta da wadda ya sani a ransa. In ta yi kama sai ya biya. Irinsa suna da yawa daga Illela har Kebbe, daga Tangaza har Isa. A wurinsu tambari shi ne sa hannun gwamnati. Idan ofis da kansa yana fitar da rasit da fuska uku, da me kawu zai gane ta huɗu ta ɗan damfara ce?

Na ga yadda abin yake ƙarewa. Wani yaro a unguwarmu, mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu aka biya wani mutum da ya yi alkawarin sama masa aiki. Aka kawo masa takardar ɗaukar aiki da tambari da hatimi. Da ya nuna mini, na lura harufan da ke kewaye da tambarin sun karkace, launin ma ya yi fari-fari. Na so in ce masa ta bogi ce, sai bakina ya yi nauyi, domin na sha buga wa ofisoshi na gaskiya takardun da tambarinsu ya fi wannan lalacewa. Sai da ya je ofishin da ƙafarsa aka ce ba su san da zancen ba. Har yau in na haɗu da mahaifiyarsa nakan tuna ranar.

Ko tambarin ƙasa bai tsira ba. Siffarsa sananniya ce tun 1960: baƙar garkuwa, farin layi mai rassa biyu da ke nuna haɗuwar kogin Neja da Binuwai, fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. Akwai ma dokar tarayya da ta tsara yadda ake amfani da tuta da tambarin. Amma ka zaga gari ka dubi alluna, za ka ga mikiya baƙa, dawaki kamar jakai, rubutun ƙasa da kuskuren harufa. Ranar Sakkwato kuma ba ta raga wa fenti, musamman a watan Maris da Afirilu. Ja ne yake fara koɗewa, a bar allo shekara da shekaru ba mai waiwayarsa.

Abin yana ƙara ba ni takaici in na tuna inda muke. A garin nan aka san darajar alama tun kafin zuwan Turawa. Shehu Usmanu ya ba da tuta ga irin su Modibbo Adama, Yakubun Bauchi da Buba Yero na Gombe, kuma da tutar nan jama'a suka san da izinin wa suka zo. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na sarakuna da hatimi suke tafiya, wanda ya karɓa yana dubansa kafin ya yi aiki da abin da ke ciki. Duk mai son ganin tsofaffin rubuce-rubucen wancan zamani ya leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Waɗanda ba su da kwamfuta sun tsare alamarsu, mu da muke da ita mun kasa.

Na san suna da tambari kan canza, kuma ba laifi ba ne. Jihar ma an ƙirƙiro ta a 1976, aka fitar da Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. Jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Sakkwato ta koma Usmanu Danfodiyo a 1988. Sai dai idan hukuma ta yi canji, ya kamata ta sanar da jama'a, ta janye tsofaffin takardu, ta sa ranar daina aiki da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sabon shugaba ya zo ya sake wa tambari launi don ya dace da ra'ayinsa, ko a cika allo da hotonsa har alamar hukumar ta maƙale a lungu. Shi zai gama wa'adinsa ya tafi, asibitin ko makarantar tana nan.

Mu masu bugawa ma da namu laifin. Sau nawa muke kwaso tambari daga intanet, mu matse shi don ya shiga gurbin da ya rage, saboda mai aiki yana tsaye a kanmu?

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kowace ma'aikata, da kowace daga cikin ƙananan hukumominmu 23, ta tsayar da tambari ɗaya, ta rubuta launinsa da girmansa da inda ake sa shi a takarda. A damƙa fayil ɗin asali ga jami'in yaɗa labarai, duk mai aikin bugawa ya karɓa daga hannunsa, kuma kada a biya kuɗin aikin da aka yi da wani daban. A liƙa samfurin rasit na gaskiya a ƙofar ofis da bakin kasuwanni, da sunan hukumar a boko da ajami, a kuma yi bayaninsa a rediyo, domin nan mutanen karkara suke jin labari.

Shi wancan aikin rasit ban buga shi ba sai da na sa masinjan ya kira mini wani babba a ofishinsu, ya zo ya zaɓi ɗaya da bakinsa, na goge sauran biyun a gabansa. Duk hukumar da tambarinta ya lalace take son a sake zana mata shi tsaf, ni da abokan sana'ata a shirye muke mu zauna da ita.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai sana'ar buga takardu,
Sakkwato.