Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Matashin Da Ya Tambaye Ni A Rediyo

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar Asabar ka bugo waya cikin shirin da aka gayyace ni, ka ce wariyar launin fata ai ciwon Amurka ne da Afirka ta Kudu, mu a Bauchi da fatarmu ɗaya ina ruwanmu? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba.

Abin da ya fi karya baƙar fata a can takarda ce. A 1913 dokar filaye ta Afirka ta Kudu ta ware wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, a 1936 aka ɗaga zuwa kimanin 13. Mandela ya hau mulki a 1994, amma har gobe akasarin manyan gonaki na hannun Turawa. A Amurka kuwa, cikin shekarun 1930 aka zagaye unguwannin baƙaƙe da jan layi a taswira, bankuna suka riƙa hana su bashin sayen gida. Dokar 1968 ta haramta haka, to amma wanda kakansa ya mutu a gidan haya, me zai gada? Ma'aikacin bankin nan ba sai ya tsani kowa ba, taswira kawai yake bi.

Yanzu dawo gida, ka duba takardar indijin. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga Bauchi. Malamin makaranta ɗan Kumo da ya shekara ashirin yana koyarwa a nan ya kwana ɗan gida, ya wayi gari baƙo. 'Ya'yansa da aka binne cibiyarsu a Wunti, in sun nemi tallafin karatu ko aikin jiha, sai a ce su koma garinsu, garin da sai da Sallah suke zuwa. Na ga irinsu a ajina, wasu ma su ne zakarun ajin. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali, amma akawun da ke tantance takardu indijin zai fara tambaya.

Ban ce wannan daidai yake da mulkin wariya ba, Allah ya kiyaye. Dabarar ce iri ɗaya: a rubuta bambancin cikin ƙa'ida, kowa ya ce ba laifinsa ba ne.

Ni a ganina, wanda aka haifa a jiha, ko ya zauna shekara goma yana biyan haraji, a ba shi haƙƙin karatu da aiki kamar kowa. Sarauta da gadon gida a bar wa masu su. Idan ɗan majalisarku ya dawo neman ƙuri'a, wannan za ka tambaye shi.

Ka gaishe min da mutanen gida.