Uwata, kar ki bari a cire haƙorin nan tukuna

Assalamu alaikum Uwata,

Ya gida, ya mai sunan Malam, ya hidima? Saƙon muryarki na ji shi tun bayan isha'i, sau uku ina maimaitawa, naso in kira sai naga dare yayi kuma nasan in maigidanki na kusa ba zaki sake ki faɗa min komai ba, shi yasa na zauna ina ta danna wayar nan da ɗan yatsa ɗaya. Ki yi haƙuri da tsawonsa.

Kince muƙamuƙinki ke ciwo ta dama daidai gaban kunne, in zaki yi hamma sai yayi ƙas, wani lokacin da safe bakin ma baya buɗuwa sai kin lallaɓa shi, har kina shirin zuwa a cire miki turmin ƙarshe. Dan Allah ki dakata. Ni biyu aka cire min bayan haihuwar Auta, lafiyayyu ƙalau, a wani ɗan asibiti da ba sai na kama suna ba, ciwon kuma ko gezau. Lokacin kina firamare ba zaki tuna ba.

Sai da nayi kusan shekara biyu a haka, sannan wata likita ta ganni da suwaita a watan Afrilu, ana wannan zafin da ko kare baya fita, tace Hajiya sanyi kike ji? Ta shafa wuyana tace in haɗiyi yawu, ta turani gwajin jini. Ashe maganin da kike gani ina sha kullum da asuba kafin in karya, asalinsa kenan.

Abin da ta min bayani, akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya ƙasan maƙogwaro, su suna ce mata tayiroid, ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke tafiyar da saurin aikin jiki. In tayi sanyi komai sai yayi sanyi, kasala, barci baya isa, ƙiba ba tare da an ƙara ci ba, fata ta bushe, gashi ya dinga zuba, bayan gida sai an yi kwanaki, al'ada ta dinga zuwa da yawa. Kuma ba lallai wuya ya kumbura ba, nawa ko kaɗan bai fito ba, shi yasa ba wanda ya kawo hakan a ransa. Nawa irin wanda garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi tsokar ne, ana kiransa Hashimoto, sunan likitan Japan ɗin da ya fara bayaninsa a 1912. Yafi kama mata, yana bin dangi, sannan akwai wani kalar da ke tasowa cikin shekarar farko bayan haihuwa. Ke kuma watanki bakwai.

Toh ina ruwan wuya da muƙamuƙi zaki ce. Ki sa yatsa gaban kunnenki ki buɗe baki, wannan abin da ke motsi gaɓa ce kamar gwiwa, da ɗan guringuntsi a tsakiya kamar matashi, da tsokoki masu ƙarfi da suke jan ta. Shi kuwa sanyin tayiroid an san shi da sa tsoka tayi tauri tayi ciwo, gaɓoɓi su sage, nama ya ɗan riƙe ruwa, wasu har harshe yake ƙara kauri su fara munshari. Gaɓar da bata hutawa, magana da ita ci da ita, in jiki ya shiga wannan halin ba mamaki ta fara kuka. An yi 'yan bincike da suka ga ciwon muƙamuƙi yafi yawa a matan da ke da Hashimoto, amma likitoci basu yanke cewa shi ke jawo shi kai tsaye ba, kuma gaskiya ni ma ban ce dole shi ne naki ba. Cizon haƙora cikin barci yana kawo shi, damuwa tana kawo shi, wannan cingam ɗin da baki rabuwa dashi tun sakandare ma yana kawo shi.

Abin da ya tsaya min a rai zuwanki da sallah. Fuskarki a kumbure da safe, kin sa an kashe fanka kowa na zufa, mai kitso tana ta mitar gashinki na karyewa, muryarki ma ta ɗan dushe. Kowa yace gajiyar goyo ce, ni ma na bi su nayi shiru, kunya irin tamu ta ɗan fari, yanzu kuwa shirun ya dameni.

Ki je babban asibiti ba kemis ba, kice a miki gwajin tayiroid da suke kira TSH da T4, ki faɗa musu mahaifiyarki na da shi kuma kina shayarwa. Jini kaɗan ne a hannu. In ya nuna, ƙwaya ɗaya ce 'yar mitsitsiya, libotairoksin, ana sha da ruwa zalla da safe ciki ba komai, a jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kunu ko shayi, kuma maganin ƙarin jinin nan da na ƙashi da kike sha sai an bada tazarar awa 4, in ba haka ba suna hana shi shiga jiki. Baya hana shayarwa. Bayan sati 6 zuwa 8 a sake gwaji a ga ko awon ya daidaita. Kar kice zaki ɗauki nawa in kinzo, kowa da awonsa.

Kafin nan ki tausaya wa bakin. Ajiye kilishi da rake da aya da ƙanƙarar firij, ki koma fate da tuwo mai laushi, tawul da ruwan ɗumi ki gasa wurin minti 10 safe da dare, in hamma tazo ki tallafe haɓarki da hannu. Ki tambayi maigidan naki ko yana jin kina tauna haƙora da dare, in haka ne likitan haƙori na da wata roba da ake sawa a kwanta da ita. Ni nawa sai da nayi 'yan watanni kan magani sannan wata rana na lura na gama cin tsire ban tuna da muƙamuƙi ba, ƙarar dai har yau tana nan jefi-jefi.

Babanku yace in kuɗin gwajin ne matsala zai turo gobe, kar ki tsaya nauyin baki. In takardar ta fito ki ɗauki hotonta ki turo min ta WhatsApp inga lambar da idona. Ki shafa min kan mai sunan Malam, kuka da daddawar da kika ce suna nan na ƙulle, sai an samu mai zuwa.

Mamanki