Matasanmu Kirista a daina ramuwa da zagi

Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili. Abin nan na damuna sosai, da zarar wani ya zagi addininmu a Facebook sai ka ga matasan coci sun yi masa caa da zagin da ya fi nashi muni, to ina koyarwar Yesu ta a ƙaunaci maƙiyi a yi masa addu'a? Fasto James Wuye fa hannunsa na dama ya rasa a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf, amma ya zauna da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. In ana barazana ga rai a kai ƙara wajen hukuma, wannan dole ne, amma zagin nan fastoci ku ja wa yaranmu kunne.

Mai karatunku daga Kafanchan.