Rahoton shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta gudun motocin rimot

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Zan fara da maganar kuɗi, don na san in na bar ta sai ƙarshe wasu ba za su karanta har can ba.

Kuɗin wata bai shigo yadda aka yi alkawari ba. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Ni da Ma'aji mun kira waya, mun tura saƙo ta WhatsApp, har shago mun bi wasu, amsar dai ita ce "a yi haƙuri sai ƙarshen wata." Mutum ya rantse maka ba shi da ko sisi, ranar Lahadi ka gan shi a fili da sabon batir 6S, wato mai sel shida. Ba mu hana kowa sayen batir ba, amma aikin nan sa kai muke yi, ba albashi ake ba mu ba.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na azumi da aka ɗage.

Ana ta tambayar ina akwatin giyar mota na ƙungiya da aka ce za a saya. Ba a saya ba, kuma ga dalili. Ranar da aka yanke shawarar, lissafin da aka yi na ƙananan giya ne jeri ɗaya. Da muka zauna duba injunan mutane, sai muka tarar wasu sandarsu milimita 5 ce, wasu milimita 8, giyar wannan ba ta hawa wancan. Jeri biyu ke nan na Mod 1 (ma'aunin girman haƙoran giya), kuma kayan duk da dala ake sayensu, kowa ya san yadda canji yake. Abin da ke asusu ba zai ɗauki ko ɗaya ba, mu kuma ba mu yarda mu sayo mai taushin ƙarfe da haƙoransa za su zube a gudu biyu ba. Na'urar GPS ta biyu, ta auna gudu, ma haka ta kwana. Shi kuwa jadawalin giya, ba kuɗi ya hana shi ba. An roƙi kowa ya turo KV na injinsa (lambar saurin juyinsa), haƙoran giyarsa biyu, girman taya, zafin da ya auna da gudun da ya samu. 'Yan kaɗan ne suka turo, wasu ma hoton mota kawai suka aiko.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya, ranar gudu ta lokacin hunturu. An zaɓi lokacin ne da gangan, don a bazara inji yana fara aiki ne da zafinsa tun kafin a taɓa rimot. Mai unguwa ya ba mu izinin miƙaƙƙiyar kwaltar nan ta sabon layi, Allah ya saka masa. Bayan sallar Asuba matasanmu suka kama tsintsiya suka share yashi da tsakuwa tun daga farko har wurin birki, wasu suka tsaya a bakin hanya suna tare yara da awaki.

Ɗan'uwanmu mai gyaran janareta ne ya fito da mota Arrma Limitless, irin wadda ake sayarwa ba inji ba ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga inji), zaɓi na mai ita ne. An sha matsa masa ya saka inji mai KV da yawa, wai shi ne gudu. Ya ƙi, ya ɗauki babban inji mai 1650KV. Hujjarsa ita ce KV ba ƙarfi ba ne, yawan juyi ne a minti ga kowace bolt ɗaya in ba a ɗora wa inji nauyi ba, kuma babban inji mai ƙarancin KV ya fi jure jan doguwar giya ba tare da ya dahu ba. Ya yi mana lissafin a bayan kwali muna kallo. Batir 6S bolt 22.2 ne, a ninka da 1650, juyi 36,630 a minti. Taya mai tsayin milimita 100 daga ƙasa zuwa sama tana cin kusan santimita 31 a juyi guda. In inji ya juya sau 4 taya ta juya sau 1, takarda ta ce kilomita 172 a awa. Ya ce kada kowa ya yi murna, iska ba ta karanta takarda. Turjiyar iska tana ruɓanya huɗu in gudu ya ruɓanya biyu, ƙarfin da ake buƙata kuwa har takwas.

Bai fara da wannan giyar ba ma. Da ƙarama ya fara, ya yi gudu ɗaya, ya dawo ya haska ma'aunin zafi a jikin inji da ESC da batir. Sanyi ƙalau. Ya ƙara haƙori biyu, ya cusa siririyar takarda tsakanin ƙaramar giya da babba ya ɗaure inji don kada su matse ko su yi sako-sako, ya jira komai ya huce, ya sake. Masu gaggawa har sun fara gunaguni rana za ta yi. Da ya iso 4 zuwa 1, GPS ya nuna ƙasa da 160, kamar yadda ya faɗa. Zafi bai kai digiri 70 ba, saura wuri ke nan. Ya ƙara haƙori, ya saka batir mai cikakken caji, ya tsaya tsakiyar hanya inda zai ga farko da ƙarshe. Bai fizgi wuta lokaci guda ba, a hankali ya riƙa ja har ta zo dab da mu sannan ya cika mata. Ta wuce da ƙara kamar an yage atamfa, gabanta a ƙasa, ba ta ɗaga ba. Da aka ɗauko aka duba, ta haye kilomita 161 a awa, wato mil 100 ɗin nan da muka daɗe muna nema. Kabbara ta tashi, masu wucewa a babur suka tsaya tambayar abin da ya faru, Shugaba kuwa shayi da burodi ya saya wa kowa daga aljihunsa.

Na ji wani da bai zo ba yana cewa ai motar Traxxas XO-1 tun daga kwali ake tallarta da mil 100, kuma wani mai suna Nic Case ya kai mil 202 da motar rimot a Amurka tun 2014. Gaskiya ne. To, shi ma ya kawo tasa kan kwaltarmu mai ƙura mu gani.

A ranar dai wani ya ɗora giya mafi girma da yake da ita a kan ƙaramin inji, bai auna zafi ba, ya yi gudu a jere har ESC ya yi hayaƙi. Daga baya ya rubuto wai ƙungiya ta taimaka masa da kuɗin sabo. Kwamiti ya duba littafi, ya ga rabonsa da biyan kuɗin wata tun kafin Babbar Sallah, ya ba shi haƙuri.

Shekara mai kamawa akwai masu son hawa 8S. Kwaltar da muke da ita ba za ta ishe su ɗaukar gudu da tsayawa ba, don haka duk wanda ya san hanya mafi tsawo da za a iya samun izininta ya sanar da Shugaba. Kwamiti kuma ya yanke cewa daga taro mai zuwa, wanda ake bi bashi ba za a ɗaura wa motarsa GPS na ƙungiya ba, ba za a ara masa ma'aunin zafi ba. Littafin bashi yana hannun Ma'aji, kowa ya je ya duba nasa kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya